Giɓi a bakin wuƙata

Laraba. Tun da safe raina yake a ɓace, kuma a kan wuƙa ne.

Na shiga kicin zan yanka kabeji, na ɗauko wuƙar nan da Yaya ya kawo min tsaraba daga garin Sakai na ƙasar Japan, sai ga giɓi a bakinta kamar ƙwayar gero. Aikin Auta ne. Jiya da dare ta sara ƙashin kaza da ita, kazar ma daga firiza ta fito, sannan ta bar ta a jiƙe wurin wanke-wanke. Har tsatsa ta fara hawa.

Umma ta ce, "Haba, wuƙa ce fa! Mai washi zai wuce, ki miƙa masa ya gyara miki."

Na ce, "Umma, injinsa ƙona min bakin zai yi."

Na zauna ina yi mata bayani. Irin wuƙar da ake kira usuba ce, ta yankan ganye, gefe ɗaya kawai ake wasawa, bayanta kuma da ɗan kwarmi. Ƙarfe biyu maƙerin ya haɗa a wuta, mai laushi ya zama jiki, mai tauri ya zama baki. Taurin nan ne ke riƙe kaifi, shi ne kuma ke sa ta ɓalgace in ta gamu da ƙashi. A Sakai ɗin nan na kusa da birnin Osaka, tun ƙarni na 16 suke ƙirar wuƙaƙe, da wuƙaƙen yanka taba suka yi suna. Kuma yawanci mutum ɗaya ba ya gama wuƙa: maƙeri daban, mai washi daban, mai sa ƙota daban. Hannun mutum uku ke nan, kowa ya yi shekaru yana koyo. Wannan nake gani in na kalli giɓin, shi ya sa abin ya tsaya min a rai.

Umma ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To ita yarinyar, kin taɓa gaya mata duk wannan?"

Ban taɓa ba. Ɓoye wuƙar kawai nake yi.

Da rana makaranta, cunkoso, ciwon kai. Wuta ba ta dawo ba sai la'asar.

Bayan isha'i na jiƙa dutsen washi mai lamba 1000, wato mai matsakaicin kaushi, na yi ta gogawa har kafaɗata ta gaji. Giɓin ya ragu amma yana nan. Auta na tsaye bakin ƙofa, wuni guda ban yi mata magana ba. Na ce ta ɗebo ruwa a kofi ta zo ta riƙa zuba min a kan dutsen.