Allurar garmahon Baba

Garmahon Baba ya shekara ashirin da ɗoriya a kan sif, an rufe shi da tsohon zane. Pioneer PL-12D ne, irin na shekarun 1970, mai juyawa da bel. Da na sauko da shi na sa sabon bel, ya juya lafiya lau, amma da na ɗora faifai sai ƙara kawai kamar ana soya gyaɗa a yashi. Bakin allurar ya cinye, sandarta ma ta karkace.

Nan na yi wautar farko. Na rubuta sunan garmahon a intanet, na yi odar allura, na jira sati uku. Da ta iso ko shiga ramin ba ta yi ba. Kuɗi sun tafi, ga haushi.

Wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari ne ya warware min. Ya murza zoben da ke bakin hannun da ke ɗauke da allurar, ya zaro kan gaba ɗaya, ya juya shi a tafin hannunsa.

"Yaro, wa ya ce maka garmaho ke da allura? Wannan ɗan akwatin da aka ɗaure da sukurori biyu shi ne gidanta. Sunansa za ka nema."

"To Baba, ai ban ga rubutu ba."

"Ƙura ce. Goge."

Na sa auduga na share a hankali, na ɗauki hoto da waya na buɗa shi. Sai ga shi ƙanana: Shure M75ED, Type 2. Ashe mahaifina, ko wanda ya sayar masa, ya ɗaura gidan wani kamfani daban. Hakan aka saba a zamanin, tunda yawancin gidajen tsarinsu ɗaya ne, sukurori biyu da rabin inci tsakaninsu, kowa na ɗaura wanda ya ga dama. Sai wajen 1980 Technics suka fito da wani tsarin, P-mount, wanda ake cusawa a bakin hannu a ɗaure da sukuru guda ta gefe.

Da suna ya samu, sauran ya zo da sauƙi. A wajen Shure harafin M na gida ne, N na allura: M75ED na cin N75ED, M44-7 na cin N44-7. Audio-Technica su ma kusan haka, allurar AT95E ita ce ATN95E, mai koren kai. Haruffan ƙarshen ne suka fi ba ni sha'awa, domin ba ado ba ne. E ɗin nan na nufin ɗan lu'ulu'un da ke bakin allurar ba zagayayye ba ne, an feƙe shi kamar ƙwai don ya shiga lunguna na layin faifan sosai. Kuma allurar N75ED da 'yar'uwarta N75EJ, duk da gida ɗaya suke shiga, ba nauyi ɗaya suke ɗauka ba. Tawa ana son ta danna faifai da giram 0.75 zuwa 1.5 kacal.

Da na ji wannan adadin sai na tuna kwabon da Baba kan ɗora a kan hannun idan faifai ya fara tsalle. Duk gidajen unguwarmu haka ake yi, har wasu na manna shi da cingam. Allah Ya jiƙan Baba, amma kwabon nan shi ya kashe allurar, ya kuma ci faya-fayansa na kalangu da ya fi so. Yanzu ɗan sikelin allura na saya, ina saita nauyin da kullin da ke bayan hannun.

Kafin in sake kashe ko sisi, dattijon ya sa na gwada gidan da mitar awon lantarki. Wayoyi huɗu ne a baya: fara da shuɗiya na hagu, ja da koriya na dama. Kowane ɓangare ya nuna ɗaruruwan ohm, ma'aunin turjiyar waya ga lantarki, kusan daidai da juna. Da ɗaya ya yi shiru, da naɗin wayar ciki ya tsinke, sabuwar allura ba ta da amfani. Ya kuma ja min kunne cewa akwai gidaje masu tsada da ake kira MC, waɗanda allurarsu ba ta zaruwa, mai ja da ƙarfi ya ɓata kaya.

Shure sun daina yin waɗannan kaya tun 2018, don haka ta Jico na samo, wani kamfanin Japan mai ƙera madadinsu. Ta shige da ɗan turi kaɗan, ta zauna daram.

Saura faya-fayai shida masu nauyi, irin masu fashewa kamar tangaran, masu gudu 78, wato zagaye 78 a minti ɗaya. Layinsu ya fi faɗi, allurarsu ta ninka wannan kauri wajen sau huɗu, kuma garmahon Baba 33 da 45 kawai yake juyawa. Na naɗe su a zanen nan na mayar kan sif.