Littafin da ba shi da marubuci ɗaya

A ƙarshen daminar bara, ni da abokaina uku da muke rubutu a Wikipedia ta Hausa (kundin ilimi na intanet da kowa yake iya rubutu da gyara a cikinsa) a matsayin 'yan sa kai muka yi shawarar tattara wasu muƙalu game da ƙasar Bauchi mu buga su a ɗan littafi, domin mu kai wata makarantar firamare da ke kan hanyar Dass, inda ƙanena yake koyarwa. Abin da ya tunzura mu shi ne, rubutun da muke raba dare muna yi bai taɓa isa ga yaran da suka fi bukatarsa ba, saboda wayar gidansu tana aljihun mahaifinsu, shi kuwa ba don karatun yaro yake sayen data ba.

Ba mu ne farau ba. Tun a 2004 'yan sa kai na Wikipedia ta Jamusanci suka fara tattara muƙalu masu jigo ɗaya suna bugawa da sunan WikiReader, daga baya kuma kamfanin PediaPress na birnin Mainz ya riƙa buga wa mutum littafi daga muƙalun da ya zaɓa da kansa, ko da kwafi ɗaya ne. A 2015 wani Ba'amurke mai suna Michael Mandiberg ya tsara Wikipedia ta Turanci kaf a siffar littafi, ta tashi juzu'i 7,473, kodayake kaɗan daga ciki aka buga a takarda. Mu dai burinmu bai wuce shafi 48 ba.

Ta fuskar haƙƙin mallaka ba mu sha wahala ba, domin lasisin da Wikipedia take amfani da shi tun 2009, wato CC BY-SA, ya halatta wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya buga, har ma ya sayar, muddin ya ambaci waɗanda suka rubuta, ya kuma bar aikinsa a kan wannan sharaɗin. Inda gizo ya yi saƙa shi ne gyara. Mun zaɓi muƙalu a kan Malam Yakubu da kafa garin Bauchi a 1809, da gandun dajin Yankari da ruwan ɗuminsa na Wikki (ɗaya daga cikinmu bai gaji da barkwanci a kan kamannin sunan nan da na shafinmu ba), da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Muka zauna a zauren gidana bayan sallar isha, mutum ɗaya yana karantawa da ƙarfi, sauran suna saurare. A nan na ji kunyar kaina. Jimlolin da na fassara daga Turanci da hannuna, waɗanda a waya ido yake zamewa a kansu ba tare da ya tsaya ba, da aka furta su a baki sai na ji ba Bahaushen da zai yi magana haka. Mako biyar muka yi muna wannan zama, kuma duk gyaran da muka yi sai mun fara shigar da shi a shafin intanet kafin mu kwafo, don kada amfanin ya tsaya ga littafinmu kaɗai. A ganina wannan ce babbar ribar aikin, tun kafin a buga ko shafi ɗaya.

Sai kuma maɗaba'a. Na kai aikin a filas ga wani mai ɗab'i a cikin gari, muka yi ciniki, na ba da kafin alƙalami. Da na koma duba gwaji, sai na tarar duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take, wani ɗan akwati ne ya fito a gurbinta, saboda samfurin haruffan da ke kwamfutarsa ba shi da haruffa masu ƙugiya. Ya ce mini, “Malam, a mayar da su k da d kawai, ai kowa zai gane.” Na ce, “Alhaji, yara za a ba, kuma yaron da ya ga kasa a inda ake nufin ƙasa, haka zai rubuta a jarrabawa.” Muka nemo haruffan da suka dace aka sake tsarawa, janareta yana ta shan mai a kuɗina.

Ranar da muka kai kwafi 60, hedimastan ya juya bangon gaba da baya, sannan ya tambaya wane ne marubucin. Tambayar tana kan hanya, domin mu nan mun saba littafi ya zo da sunan malaminsa, da shi ake auna nauyinsa. Na buɗe masa shafin ƙarshe, inda muka jera sunayen da masu rubutun suke amfani da su a intanet, wasu ma laƙabi ne da ba mu san masu su ba, tare da ranar da muka kwafo kowace muƙala. Na ba shi labarin kamfanin Bertelsmann na Jamus, wanda a 2008 ya buga zaɓaɓɓun muƙalun Wikipedia a juzu'i ɗaya, ya jera sunayen marubuta kusan 90,000 a ƙarshensa. Ya yi murmushi ya ce to idan an sami kuskure wa za a kama. Na ce a kama mu huɗun nan, tunda mu muka karanta muka amince.

Ba a yi wata guda ba aka kama mu. Wata yarinya 'yar aji biyar ta nuna wa ƙanena cewa mun rubuta sunan ƙauyen kakanninta ba daidai ba. Ya kira ni, na gyara a shafin intanet a daren cikin minti biyu. Littattafan kuwa, sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya da jan biro.