Alhamis, idon Auta ya manne

Kukan Auta ne ya tashe ni yau, tun kafin ladanin unguwa ya yi kiran farko. Yana ta lalube a kan katifa, wai wani ya rufe masa ido. Na haska fitilar waya. Kwantsa ce, mai kauri, ruwan ɗorawa, ta bushe ta haɗe gashin idonsa na sama da na ƙasa. Na dama ya fi muni, har fatar ta ɗan tasa. Idon ya soma ja tun shekaranjiya, amma a hunturun Damagaram kowa ka gamu da shi a hanya idonsa ja ne, ƙura har cikin tukunyar miya take shiga.

Na ɗora ruwa ya tafasa, na juye a kofi na bar shi ya huce, sannan na riƙa jiƙa tsumma mai tsabta ina ɗora masa har kwantsar ta yi laushi idon ya buɗe. Ina cikin haka Inna ta fito da butarta. Ta duƙa ta dube shi, ta ce, "Ƴar nan, miƙo min shi in ja masa kwalli, kafin hantsi ya washe. In kuma ya ƙi, amaryar gidan can tana goyo, a tatsa masa nono." Ba a musu da uwar miji da sassafe. Na ce, "To Inna, bari dai Majo na likitar unguwa ya fara gani, in ya so sai a san abin yi." Ta taɓe baki ta wuce. Baban su kuwa yana idar da salla ya ajiye mana kuɗin kabu-kabu ya yi gaba, don yau Alhamis, ranar kasuwa, ba ya zama.

Hanya ta cushe. Amalanken shanu, motocin ƙauye, masu kora awaki, kowa ya nufi kasuwa. Na lulluɓe kan yaron da gefen hijabina saboda iska. A likitar unguwa mun tarar da layi, galibi masu tari da mura. Da yake Auta shekararsa huɗu, ba a karɓi kuɗin ganin likita ba. Tun 2006 aka kafa dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a Nijar, ko da yake duk uwar da ke zuwa likita ta san sau da yawa a takarda maganin yake ƙarewa, sai ka je farmasi da kuɗinka.

Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, dattijo ne, ba ya gaggawa. Ya wanke hannu, ya ja fatar idon ƙasa, ya haska baƙin idon da ƴar tocila. Ya juya fatar sama ma ya duba cikinta, abin da ya sa Auta ya ƙwalla ƙara. Sai tambayoyi: haske na damunsa? Yana cewa cikin idon na masa zafi, ko ƙaiƙayi ne kawai? Wani abu ya soke shi? An sa masa wani abu a gida? Da na ce ruwan da aka tafasa kaɗai, ya ɗaga kai ya dube ni ya ce, "Madalla, Hajiya. Kin rage mana aiki."

Na tambaye shi ko afolo ne, don abin da maƙwabta za su ce ke nan. Ya ce a'a. Afolo birus ke kawo shi, idon na yin jajir yana zubar ruwa tsararo, ya bi gida ɗaya bayan ɗaya, kuma maganin kashe bakteriya ba ya yi masa komai, da kansa yake wucewa. A Gana aka fara ganin annobarsa a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a wata, shi ya sa aka laƙaba masa sunan kumbon nasu. Na Auta daban ne. Kwantsa mai kauri wadda ke manne ido da safe, ka goge ta dawo, ta fi nuna bakteriya. Ya rubuta man ido mai kashe bakteriya, tetirasikilin 1%, a sa a idanu biyun sau 2 a rana, safe da dare, har kwana 7. A kuma riƙa wanke idon da tafasasshen ruwan da ya huce sau 4 a rana. Ya nanata kwana 7 ɗin har da buga biro a tebur, ya ce ya san mu, rana ta uku in ido ya washe sai a jefa magani a ƙasan akwati.

Ya kuma lissafa min abin da in na gani kada in jira kwanakin su cika: in yaron ya kasa buɗe ido a haske, in ya ce ba ya gani sosai, in fari ya fito a kan baƙin idon, in kumburin ya ƙaru ko zazzaɓi ya shigo, ko kuma aka yi kwana biyu zuwa uku babu sauƙi. Wannan sai babbar likita, wajen masu duba ido. Jaririn da bai kai wata ɗaya ba kuwa, in idonsa ya yi ruwan mugunya, ba a kwana da shi a gida ko da dare ne, don irin wannan cikin ƴan kwanaki yake cinye ido.

A bakin farmasi wani saurayi mai yawo da magani a faranti ya tare ni. Ya ga idon yaron tun daga nesa. Ya zaro wata ƴar kwalba, wai ɗigo biyu jan ya tafi, kuma rabin kuɗin na ciki. Kwalbar ta sha rana har rubutunta ya koɗe. Irin waɗannan da yawa akwai deksametazon a ciki, wani maganin kwantar da kumburi, kuma gaskiya ne suna kwantar da ja nan da nan, abin da ke sa mutane su yarda da su ke nan. Amma in akwai gyambo a baƙin ido, su ke ba shi damar ci, kuma in aka daɗe ana ɗigawa suna iya jawo hawan jinin ido ko yana. Na ce masa Allah ya ba da kasuwa, na shige. Man da aka rubuta mana bai kai kuɗin kabu-kabun zuwa da dawowa ba. Ɗan bututu ne siriri. Mai farmasin ta nuna min ranar ƙarewar aikinsa, ta rubuta ranar yau a jikin kwalin, ta ce bayan sati 4 da buɗewa a yar da shi ko da saura, kuma kada a bar shi a rana.

Sa maganin, nan ne aka yi daga.

Na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Na yayyaga auduga gida-gida, kowane ido da nasa, ana shafa sau ɗaya daga wajen hanci zuwa wajen kunne a yar, ba a komawa da ita. Wannan Auta ya yarda. Yana ganin na murɗe murfin bututun sai ya zabura ya yi bayan randa. Yayarsa ta kamo shi. Na zauna a tabarma na miƙe ƙafafu, na kwantar da shi kansa a cinyata, ita ta riƙe hannuwa, Inna kuma, wadda da safe ta taɓe baki, ita ta danne ƙafafun tana masa kirari, "Na Inna, mijin Inna, ba ka tsoro." Na ce ya dubi sama ya gaya min ko akwai ƙadangare a kan katanga. Da ɗan yatsa na ja fatar ƙasa har ta yi ɗan aljihu, jan ciki ya bayyana. Wahalar ita ce hannun da ke riƙe da bututun: dole ya matso kusa, amma bakinsa kada ya taɓa ido ko gashin ido, in ya taɓa ka kwashe cutar ka adana ta a cikin maganin. Na jingina gefen hannuna a goshinsa, yadda in ya fizge kai hannun zai bi shi. Na matsa. Da yake da sanyi, man ya yi tauri, ya ƙi fitowa, sai da na dunƙule bututun a tafin hannu na ɗan lokaci. Sannan ya fito, rawaya, siriri, kamar tsawon ƙwayar shinkafa, wajen santimita ɗaya. Ya kwanta a cikin aljihun. Na saki fatar, na ce ya rufe ido. Ya rufe da ƙarfi har man ya ɗan tsatso ta gefe, na goge da sabuwar auduga. Na biyun ya fi sauƙi, don ya gane ba allura ba ce.

Da ya buɗe sai sabon kuka, wai hazo yake gani, na lalata masa ido. Inna ta dube ni da wani irin kallo. Dama Majo ya gaya min haka man yake yi, yana rufe gani na ƴan mintoci kafin ya narke, shi ya sa na dare ya fi daɗi, a sa yaro ya yi barci abinsa. Kafin a sauke tukunyar rana yana tsakar gida yana bin kaji.

Abin da ya fi cin raina yau ruwa ne. Famfonmu tun jiya ko ɗigo, abin da duk ɗan Damagaram ya saba da shi. Ga wanke hannu kafin da bayan kowane sawa, ga wankin zanen gado da rigar matashi, ga tawul da na ware masa shi kaɗai, ga fuskokin sauran yaran. Mai faɗin a riƙa wanke fuska da sabulu yana da gaskiya, amma a garin nan kowace gaskiya irin wannan sai an biya ɗan garuwa. Na sayi ƙari, na kuma hana yara wasan ruwa.

Da la'asar, muna tsince shinkafa, Inna ta kawo zancen yayarta da ta rasu a wani ƙauye wajen Magariya. Ciwon idon nan amodari ya kama ta tun tana yarinya, yana tafiya yana dawowa, har fatar idon ta tabo daga ciki ta lanƙwashe, gashin ido ya juya yana gogar ƙwayar. Inna ta ce kullum da matsefata rataye a wuyanta, jikoki na cire mata gashin ɗaya-ɗaya, ya sake tsirowa ya fi na da kaifi. A ƙarshe hakiya ta rufe idon duka biyu. Sai yanzu na gane abin da Majo ke nema da ya juya fatar saman idon Auta. Amodari ma bakteriya ce, ƙuda da hannu da tsumma ke yaɗa ta, kuma jiharmu, musamman Magariya da Kance da Mirya, tana cikin wuraren da ta yi ɓarna sosai a ƙasar nan. Inna ta tuna masu zuwa gida-gida da sandar awo, su auna tsawon yaro su ba shi maganin sha, azitiromisin, gwargwadon tsayinsa. Jarirai ƴan ƙasa da wata 6 kuwa wannan man dai na hannuna ake ba su, sai dai na amodari sau 2 a rana ne har sati 6. Na yi tunanin uwar da za ta yi dagar da na yi yau har sati 6, a ƙauyen da rijiya ke da nisa. Kwallin ma na samu na faɗa mata a hankali: yawancinsa da dalma a ciki, ga shi mazagi ɗaya ke bin idon kowa a gida. Ba ta ce na yi gaskiya ba, amma ta ce a ɓoye tandun kada yara su ɗauka.

Bayan magariba Maman ƴan biyu ta yi sallama. Labari ya riga ya kai mata. Idon Hasanarta ma ya yi ja, ta ce in ɗan matsa mata a ido ɗaya, ko in ba ta bututun ta dawo da shi da safe. Wannan matar ita ke ba ni gishiri da wuta, ita ta kwana da ni ranar haihuwar Auta. Hana ta abu ya fi ƙarfin bakina. Na ce, "Maman ƴan biyu, wallahi ba rowa ba ce. In bututun ya shiga gida biyu, ciwon naku ya zo mana, namu ya je muku. Kuma ba mu san irin nata ba, ƙila ma ba na wannan maganin ba ne." Ta ce, "Ai shi ke nan, ido dai ido ne," ta gyara mayafi. Na ga ranta bai so ba. Inna ce ta fitar da ni, ta ce mata gobe da sassafe ita da kanta za ta raka ta wajen Majo, tunda Hasana ma ba ta kai shekara 5 ba, kuma ta kawo yarinyar da hannu a wanke.

Na dare mun sa shi bayan isha'i, Baban su ne ya riƙe shi, kukan bai kai na rana ba. Sai dai gobe da asuba zai tafi Matamaye sai Lahadi, yayarsa kuma tana da lakwal. Inna ta ce ƙafafu nata ne, hannuwa in nemi mai riƙewa.