Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Ruwan Da Ke Cikin Bulo

Jama'a assalamu alaikum, makon jiya mun tsaya ne inda na dawo Kaduna hutu daga Ingila. Toh babu abin da ya wahalar da ni a hutun nan kamar tambayar "wai me kake karantawa ne?" Hajiyarmu dai tuni ta gama sanar wa matan unguwa likita zan zama, don ta ji na ce na'urar da muke bincike da ita 'yar uwar MRI ce, mai ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti. Da na ce ai siminti muke saka wa a ciki, kallona kawai ta yi ta ce Allah ya kyauta.

Kawuna ne ya saurare ni da gaske, shi da yake da gidan bulo a Rigasa. Muna zaune kan benci yaransa na kwaɓa yashi, na ce Kawu, kun san siminti ba bushewa yake ya yi ƙarfi ba, ruwan yake ci, ya haɗu da garin su zama wani abu daban mai riƙe yashi da tsakuwa, shi ya sa injiniyoyi sai kankare ya kwana 28 suke auna ƙarfinsa. Ya ce wannan kuma ai sai ka tambaye ni, don me nake biyan kuɗin tanka ana ban ruwa safe da yamma?

Sai na shiga bayanin NMR, wato dabarar da na'urar tamu ke aiki da ita wajen bin sawun ruwa da maganaɗisu. Dabarar tun 1946 aka gano ta a Amurka, mu dai aronta muka yi. Za ka zuba kwaɓaɓɓen siminti ɗan kaɗan a siririyar kwalba, bai kai tsawon yatsa ba, ka zura cikin maganaɗisu a buga masa igiyar rediyo, sai haidurojin da ke cikin ruwan ya maido da sigina, ita kuma ta riƙa raguwa har ta mutu. Ruwan da ya maƙale a 'yan mitsi-mitsin ramuka tasa siginar nan da nan take mutuwa saboda yana yawan gogar bango, na manyan ramuka kuwa takan ɗan jima. Da haka kake gane ina ruwan yake da yadda ramukan ke tsukewa awa bayan awa ba tare da ka fasa komai ba, kuma wallahi daren farko ya fi komai daɗin kallo, kana gaban kwamfuta kana ganin ruwa na ƙaura daga manyan ramuka zuwa ƙanana. Farin siminti muka fi amfani da shi, don sinadarin ƙarfen da ke cikin siminti mai launin tokar nan da kowa ya sani yana dagula sigina.

Manyan ramukan nan su ne matsalar, ta nan danshi da gishiri ke bi su kai ga rodi ya yi tsatsa. Cika ruwa wajen kwaɓi na haifar da su, haka ma barin iskar hunturu ta kwashe ruwan da wuri.

Kawu ya gyara hula ya ce to injin naku zai faɗa mini bulo nawa ya kamata buhu mai kilo 50 ya fitar? Don maƙwabcinsa na matse buhu yana karya farashi, kwastomomi duk sun koma can. Na ce a'a Kawu, amma zai tona asirin bulon nasa. Nan take ya sa yaro ya je ya sayo ɗaya, wai in tafi da shi Ingila.

Yadda muka kwashe da bulon nan a filin jirgi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.