A Jamus, Buɗe Wasiƙarka Ranar da Ta Zo

Masu shirin tahowa Jamus kan tambaye ni batun sanyi da inda ake samun naman halal. Waɗannan duk masu sauƙi ne. Rigar sanyi kuɗi ce, shagunan Turkawa kuma ga su nan birjik a birnin Kolon, har doya da kuɓewa ana samu a wajen 'yan Afirka in aljihu zai ɗauka. Abin da ke kayar da baƙo a ƙasar nan shi ne ɗan akwatin ƙarfen da ke bakin ƙofar gida.

A Kano na tashi, inda in magana ta taso sai ka je ka sami mutum, a gaisa, a tambayi iyali, sannan a shiga batu. Nan kuwa hukuma ba ta san fuskarka ba. Takarda take aikowa, kuma kusan kowace da wa'adinta.

Daga ranar da ka tare, doka ta ba ka mako biyu ka je ofishin birni ka yi rajistar adireshi, riƙe da takardar shaida daga mai gida. Bayan nan ne lambar harajinka za ta iso ta gidan waya, ita ce kuma wajen aiki za su fara nema. Sai dai mai raba wasiƙu suna yake bi, ba lambar ɗaki ba. In bai ga sunanka a akwatin ba, wasiƙar ta koma inda ta fito. Wani dattijo ɗan Damagaram da ya taya ni kwasar kaya ko zama bai yi ba, ya yago salatif, ya miƙo mini biro ya ce, "Ɗana, kafin ka shimfiɗa katifa, liƙa sunanka a can ƙasa." Na ce, "To, Baba," ina mamakin gaggawar.

Ba a jima ba sai ga takardar kuɗin rediyo da talabijin: Yuro 18.36 a wata kan kowane gida, ko kana da talabijin ko ba ka da ita. Kowa yana ƙorafi a kanta, har Jamusawan, amma ƙorafi ba ya soke ta.

Wadda ta fi kowacce haɗari ita ce mai ambulan ruwan ɗorawa. Yawanci daga kotu ko wata hukuma take zuwa, kuma mai kawowa yana rubuta wa a jikin ambulan ɗin ranar da ya jefa ta cikin akwati. Daga ranar aka fara ƙirga maka kwana, ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba, don haka kada ka yar da ambulan ɗin. In sammacin bashi ne, mako biyu gare ka ka ce ba ka yarda ba. Na san wani ɗan uwanmu da ya riƙa cusa wasiƙunsa cikin leda a ƙarƙashin gado saboda ba ya jin Jamusanci, kunya kuma ta hana shi tambaya. Ɗan kuɗin waya ne da bai taka kara ya karya ba, amma kafin mu zazzage ledar a tsakar ɗaki ya hayayyafa, sunansa ya ɓaci a Schufa, wato kamfanin da ke ajiye tarihin bashin mutane. Da ya tashi neman sabon gida, masu haya sai su duba takardar su yi shiru.

Ni dai ranar da wasiƙa ta zo nake buɗe ta. Sai in haska ta da waya ta fassara mini, in nemo abu biyu, kwanan wata da adadin kuɗi, sannan in huda ta in sa a fayil. In ta gagare ni, akwai ofisoshin ba baƙi shawara kyauta na Caritas da Diakonie da AWO. Biyun farko na coci ne, shi ya sa wasu namu ke ɗari-ɗari da su, alhali kowa suke karɓa.

Da farko tsarin ya yi mini kama da rashin mutunci, amma yanzu ina ganin alfanunsa, domin takardar da ake kama ka da ita, kai ma da ita za ka kama wani. Alkawarin baki ko na waya yana da wuyar kafa hujja da shi. In za ka soke kwantiragi ko ka kai kuka, rubuta, ka aika da wasiƙar rajista ta gidan waya, ka adana rasit. Mai gida ba shi da ikon karɓar kuɗin ajiya, wato na jingina saboda ɓarna, fiye da hayar wata uku, ban da kuɗin ruwa da ɗumama, kuma doka ta yarda ka biya su kashi uku. Ranar tarewa ɗauki hoton duk wani tabo da ke bango.

Izinin zama kuwa, nemi sabuntawa tun da sauran watanni, don samun ranar ganawa a ofishin baƙi kan ja lokaci, kuma in ka shigar da buƙata kafin tsohon ya ƙare, zamanka halal ne har su yanke hukunci.