Rigar Umma da lamba 54

Yau kayan da Yaya ta yi wa Umma oda suka iso, wajen ƙarfe goma mai mashin ya kira wai yana bakin layinmu. Doguwar riga ce ruwan toka mai duwatsu a hannu, da ita Umma take son zuwa walimar saukar jikanta sati mai zuwa, tun ranar da ta ga hoton a wayar Yaya take zancenta. Yadin kam babu laifi, mai nauyi ne, amma da Umma ta zura sai duk muka yi tsit. Kafaɗa ta zubo har damtse, faɗi ya yi yawa sosai, tsawon kuma ko idon sawu bai kai ba. Umma ta cire ta ninke ta ajiye a bakin gado, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Wallahi da faɗa ta yi da ya fi min sauƙi.

Na ce Yaya nuna min inda kika gani. A Instagram ne, hoto mai kyau, kala, farashi, sai lamba 54. Shi ke nan, babu inci babu santimita babu komai. Ita Yaya ta san Umma 54 take sawa a abaya, kuma gaskiyarta ne, don lambar abayar da ake kawo mana daga Dubai da Saudiyya, 52, 54, 56, 58 har 60, tsawo ne a inci daga kafaɗa zuwa ƙasa. To ita wannan rigar daga Turkiyya take, 54 ɗinsu lambar Turai ce ta girman jiki, ta mace mai jiki sosai, ba ruwanta da tsawo. A ɗan ƙyallen da ke ciki an rubuta tsawon 125 cm. Na danna kalkuleta na raba da 2.54, ya ba ni inci 49 da ɗan kai. Umma tana buƙatar inci 54, wato santimita 137. Kusan inci biyar babu, a rigar dattijuwar da ba ta yarda a ga ƙafarta.

Yaya ta yi wa mai kayan magana, amsar da ta bayar wai ai ita yadda aka turo mata haka ta saka, kuma ba ta karɓar kayan da aka riga aka buɗe. Ban ce ta yi da gangan ba, na san yadda abin yake tunda ni ma ina ɗan taɓa sana'ar nan a sitatus ɗina na WhatsApp, hoto za a turo miki daga can ki kwafa ki ɗora ba ki taɓa riƙe kayan a hannunki ba. Amma kuɗin mutane ne fa, kuma kowa ya san yadda ake samun kuɗi yanzu, ga kuɗin aike ga kuɗin mai mashin, sannan a ce ba a mayarwa.

Bayan azahar na ɗauki rigar na hau Napep zuwa Kasuwar Barci wajen Baba tela, shi yake wa gidanmu ɗinki tun muna yara. Hazo ya sauko yau, ƙura ta cika Tudun Wada, ga cunkoso a bakin kasuwa. Na same shi yana aikin wuyan wata kaftani, tef rataye a wuya kamar kullum. Muka gaisa ya tambayi Hajiya da jiki, ya shimfiɗa rigar a tebur ya auna ta ko'ina bai ce uffan ba, sannan ya ce "Ɗiyata, faɗi ba matsala ba ne, ragewa ai sauƙi ne da ita. Tsawo ne aikin." Dabarar da ya kawo ita ce abin da zai yanke a gefe da gefe ya haɗa shi ya yi mata gindi a ƙasa, ya ɗora siririn leshi a kan mahaɗin yadda zai zama kamar ado ne tun asali. Raina ya ɗan yi sanyi.

Na zauna a benci muka shiga hira, ashe shi ma abin ya ishe shi. Ya ce duk sati sai an kawo masa irin wannan, yawanci kayan Chana. Ya juya min tef ɗinsa, fuska ɗaya inci 60 ɗayar santimita 150, ya ce shi duk shekarun da ya yi yana ɗinki da fuskar inci yake aiki, littafin awonsa ma kaf inci ne, tsawo, ƙirji, ƙugu, hannu, wuya. Sai ya jawo durowa ya ɗauko wani tef da aka kawo masa tsaraba, ya jera su biyu a kan tebur ya ce in duba da kyau. Layukan ba su zo daidai ba! Na biyun tazararsa ta fi faɗi, irin incin mutanen Chana ne nasu na gargajiya, kowane ɗaya santimita 3.33 ne maimakon 2.54. In ka auna ƙugun inci 40 da shi sai ya nuna maka 30 da rabi. Ya ce ya ɓoye shi ne don kada yaran shago su ɗauka su ɓata wa mutane yadi. Na daɗe ina kallon tef ɗin nan, don wanda bai sani ba har abada ba zai gane ba, lambobi ne dai a jere kamar na kowane tef.

Har yadi ma bai tsira ba. Mu da yadi muke saye, turmin atamfa yadi shida, leshi yadi biyar, amma a shafukan waje da mita ake rubutawa. Yadi ɗaya inci 36 ne, santimita 91.44, mita kuwa 100, to mita biyar ta fi yadi biyar da kusan rabin yadi, kuma rabin yadi shi ne ɗankwali guda ko hannun riga.

Da na dawo gida muna cin tuwo na ba Babanmu labari, ya ce shi ya tuna lokacin da aka yi canjin nan a shekarun 1970, a zamanin da aka bar fam da sule aka koma naira a 1973, mil ya koma kilomita a allunan hanya, galan ya koma lita a gidan mai. Amma ya ce duba fa, har gobe fili hamsin da ɗari ake cewa da ƙafa, talabijin da inci, hularsa 22 da rabi ita ma inci ce, wandon kanti 34 ko 36 inci ne, takalmi kuma 42 ko 43 lambar Turai. A makaranta an koya mana santimita, jikinmu kuma a inci muka san shi saboda tela ne yake faɗa mana. Ni ban ga laifin ko ɗaya a ciki ba, kuma ba na cikin masu cewa dole sai kowa ya koma abu ɗaya. Abin da yake cutar mutane shi ne lamba tsirararta ba a faɗi ta mece ce ba.

Kuma ba wai nan ta tsaya ba. Wasu shafukan Chana da nauyin jiki suke ba da girma, su rubuta 120 ko 140, mutum ya ɗauka kilo ne alhali awonsu ne da kowane ɗaya rabin kilo ne, 120 ɗin kilo 60 ke nan. Masu gwanjo kuma a shimfiɗe suke auna riga daga hammata zuwa hammata, sai ka ninka biyu kafin ka samu zagayen ƙirji, su ma ba kowa ke faɗa ba.

Bayan isha na fito da ragowar kayan da ke hannuna, abayoyi da dogayen riguna da 'yan kayan yara, autarmu tana riƙe min bakin tef ina aunawa tana rubutawa, tsawo da zagayen ƙirji da hannu, inci a gaba santimita a bayansa, kowanne da sunansa a jiki. NEPA sun ɗauke a tsakiya muka ƙarasa da fitilar waya. Na ɗora a sitatus, ba a jima ba wata kwastomata ta Malali ta turo wai Anti ita fa ba ta ma san tsawonta ba, koyaushe 56 kawai take cewa. Na ce ta ɗauko abayar da ta fi jin daɗinta ta auna daga kafaɗa zuwa ƙasa ta turo min hoton tef ɗin a kanta, in ga wace fuska ta karanta.

Baba tela ya ce Laraba da yamma in je in karɓa, ya kuma ce in taho da tsohuwar abayar Umma ya gwada tsawon a kai kafin ya kashe bakin.