Haƙoran da kawuna ya tono a ramin jibsam na Dange

Shekara takwas ke nan da kawuna ya miƙo mini wani ƙulli cikin tsumma ya ce, "Kai da ka yi boko, duba ka gaya mini ko na mene ne." Yana cikin masu haƙar jibsam a faƙon da ke kusa da Dange, ma'adinin nan mai ƙyalli kamar fasasshen gilashi da suke tarawa buhu-buhu su sayar wa dillalai a kai wa masu yin siminti. Da na kwance sai ga haƙora uku. Biyu masu faɗi ne, launin zuma, gefensu da kaifi, gindinsu ya rabu biyu kamar gwafa. Na ukun baƙi-baƙi ne, zagayayye, ya ɗan lanƙwasa kamar ƙahon ɗan akuya, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba.

"Wasu cewa suke yi na Samudawa ne," in ji shi. "Ni dai na yi farauta da ƙuruciya, babu naman dajin da ban fiɗe ba a ƙasar nan, ban taɓa ganin mai irin wannan haƙori ba."

Na ce, "Kawu, a ba ni kwana biyu." Ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, don haka na ɗauka abu ne da zan duba littafi in ba shi amsa. Sai da na yi kusan shekara biyu kafin in iya faɗa masa abin da na tabbatar.

Masu faɗin nan biyu ba su ba ni wahala ba. Haƙoran kifin shak ne. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda kifin teku ya zo Dange, garin da rijiya ma sai an sha haƙa. Amsar tana cikin duwatsun kansu: daga kimanin shekara miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, wani teku marar zurfi sosai yana malalowa ta tsakiyar inda Sahara take a yau, ya rufe sassan Mali da Nijar da ƙasar Sakkwato, ya janye, ya sake dawowa. Farin dutsen da ake fasawa a Kalambaina don siminti taɓon ƙasan wannan teku ne, kuma duk wanda ya duba shi da kyau zai ga ɓawon kawa da dodon koɗi a ciki. Shi kuwa kifin shak guringuntsi ne ƙashinsa, yawanci yana ruɓewa, amma haƙori yana zuba wani ya tsiro har ƙarshen ransa. Shi ya sa haƙoransa suka fi komai yawa a ramukan. Ranar da na fahimci wannan na daɗe zaune a bakin rami ina tasbihi, ina kallon gonakin gero ina ƙoƙarin hango ruwa a bisansu.

Daga nan na kamu. Duk ƙarshen mako sai in bi kawu, ko in bi kwazazzabai bayan an yi ruwan sama. Ɗalibaina suka ji labari, su ma suka fara kawo mini tsintuwa, kuma a hannunsu na koyi matakin farko, wato raba ƙashi da dutse, da raba tsohon ƙashi da na jiya.

Ƙashin da ya daɗe har ma'adinai suka cika ƙofofinsa ya fi sabo nauyi nesa ba kusa ba, kuma in ka ƙwanƙwasa shi da ƙusa ƙara yake yi kamar tsingaro. In ka dubi inda ya karye za ka ga zane-zane masu bin tsawonsa a waje, ciki kuma 'yan ramuka kamar saƙar zuma. Dutse ba shi da wannan tsari, ko'ina ɗaya yake. Akwai masu ɗora shi a harshe, domin ƙashi mai ƙofofi yakan ɗan manne, amma na gwada na ga ba kullum ba ne, wanda ya cika da ma'adini sosai ba ya mannewa. Gwajin da ya fi yi mini amfani shi ne allura da aka ƙona ta yi ja. Ka ɗora ta a wani lungu na ƙashin. In sabo ne za ka ji ƙauri irin na babbakar ƙafar saniya, in ya zama dutse ba za ka ji komai ba. Da wannan na mayar wa yara da turamen haƙoran raƙumi da na jaki masu yawa. Na saniya da raƙumi suna da lanƙwasa kamar jinjirin wata a saman da suke tauna da shi, na jaki kuma dogo ne mai kusurwa huɗu. Ban taɓa yi wa yaro dariya a kan haka ba, don idon da ya hango haƙorin jaki a cikin tsakuwa shi ne zai hango na kifin shak gobe.

Akwai kuma dunƙulallun duwatsu masu santsi, wasu a murɗe, da ke fitowa tare da haƙoran. Wasu dunƙulen ma'adinin fosfat ne kawai, wasu kuwa kashin dabbobi ne da ya sandare, wato bayan gida, ba ƙashi ba. In ka fasa wani sai ka ga ɓarɓashin ƙayar kifi a ciki, shaidar abin da mai shi ya ci.

Gaɓoɓin ƙashin baya sun fi haƙora saurin faɗin sunansu, in ka san inda za ka duba. Ta kifi tana da rami gaba da baya, tsakiyarta a tsuke, sak kalangu. Ta shak faifai ce mai da'ira-da'ira a ciki. Wata kuma gefe ɗaya rami ne kamar turmi, ɗaya gefen ya kumburo kamar kan taɓarya, ta yadda kowace ke shiga cikin ta gabanta. Irin wannan ta dangin ƙadangare da maciji ce. Akwai wani abu mai layi-layi kamar mataji a ƙasa, samansa sumul, da na yi wata shida ina ɗauka ɓawon kunkuru ne. Ashe haƙori ne na kifin nan mai faɗi kamar faifai da doguwar jela, wanda haƙoransa a jere suke kamar daɓe, da su yake murƙushe kawa.

Baƙin haƙorin nan na kawu shi ne ya ƙi ba da kai. Na riga na sa a raina cewa na kakan ƙadangare ne, wato daino, manyan dabbobin nan da suka ƙare tun kafin a yi mutane, domin na karanta labarin ƙasusuwansu da aka tono a Nijar. Daga baya na ci karo da labarin wata dabbar ruwa da aka sa wa sunan garin Goronyo, Goronyosaurus nigeriensis. Wani masani ɗan Birtaniya, William Swinton, shi ya fara bayyana ƙasusuwanta a 1930 daga abin da aka tattaro a lardin Sakkwato, sannan wasu masana 'yan Italiya suka sami ƙwarangwal ɗin kanta suka ba ta wannan suna a 1972. Ba daino ba ce, dangin damo da guza ce da ta koma rayuwa a teku, ƙafafunta suka zama kamar filafilai. Kuma haƙoranta sun fi na sauran danginta kama da na kada. Na duba hoto, na duba nawa, na ce shi ke nan. Har na faɗa wa ɗalibai a aji.

A wannan lokaci na yi ɓarna biyu da har yau suke damuna. Ta farko, na sami gutsuren muƙamuƙi mai gurbin haƙora uku a cikin laka mai toka-toka, na kawo gida na tsoma a kwanon ruwa don in wanke. Irin wannan laka tana kumbura in ta sha ruwa, ga kuma jibsam da ya shiga tsagogin ƙashin. Kafin in idar da sallar la'asar ya wargaje ya zama tsaki. Abin da ya kwana shekara miliyoyi a ƙasa lafiya, a hannuna bai yi awa ɗaya ba. Yanzu da tsohon burushin haƙori busasshe da tsinken sakace nake sharewa, a hankali, kuma abin da na ga yana da tsaga ba na taɓa shi sai na naɗe shi da lakarsa a takarda.

Ta biyu ta fi muni, ko da yake ban san ɓarna ba ce sai daga baya. Duk abin da na tsinta, na Dange da na wajajen Wurno da na hanyar Goronyo, cikin gwangwanin madara ɗaya nake zubawa.

Wani abokin aikina ya haɗa ni da wani malamin jami'a masanin duwatsu, dattijo mai haƙuri. Na juye masa gwangwanin a kan tebur ina jiran ya fara kiran sunaye. Ya ɗauki wani zagayayyen haƙori ya juya shi, ya ce, "Malam, wannan daga ina?" Na ce ko Dange ko Goronyo. Ya ajiye, ya ɗauki wani. "Wannan fa?" Na yi shiru. Ya ce, "To ai ka bar rabin sunansu a daji."

Sai ya zana mini a takarda. Shimfiɗun duwatsun ƙasar Sakkwato a jere suke kamar tabarmi bisa tabarma, na ƙasa ya girmi na sama. Shimfiɗar da ake kira da sunan ƙauyen Dukamaje, wadda aka sami dabbar Goronyo a cikinta, ta kwanta ne a ƙarshen zamanin daino. Kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce aka yi babbar halaka da ta shafe daino da waɗannan manyan ƙadangarun teku gaba ɗaya. Shimfiɗar Dange kuwa bayan wannan halaka ta kwanta. Don haka zagayayyen haƙori da aka ciro daga cikin bangon rami a Dange ba zai zama na dabbar Goronyo ba, don lokacin babu ita a duniya. Amma akwai wasu kadoji masu dogon baki siriri da suka tsallake halakar suka ci gaba da kamun kifi a wannan teku, kuma an sami ƙasusuwansu da yawa a wajen. Haƙoran biyu suna kama ƙwarai, musamman in sun gutsure. Abin da ke raba gardama da wuri shi ne shimfiɗar da aka same su.

Allah Ya taimake ni, baƙin haƙorin kawu bai shiga gwangwanin ba, yana aljihun jakata cikin tsummansa, kuma kawu ya san ramin da ya haƙo shi, ya san ma zurfin, kusan tsayin mutum, ƙarƙashin inda jibsam ya fi kauri. Malamin ya sa madubin ƙara girma ya nuna mini siraran layuka masu bin tsawon haƙorin, da ɗan tudu marar kaifi a gefe biyu, da rami a gindinsa inda sabon haƙori ke tasowa. Ya ce kada ne, daga cikin masu dogon bakin nan, amma ba zai wuce nan ba, don haƙori ɗaya ba ya isa a kira takamaiman jinsi. Na ga girman wannan magana. Mutum ya yi shekara talatin yana aikin, ya tsaya inda shaidarsa ta tsaya, ni kuwa da hoto ɗaya na yanke hukunci har na koyar. Washegari na shiga aji na gyara abin da na faɗa.

Ya ƙara mini da wani abu: haƙorin da ka tsinta a kwance cikin kwazazzabo ba daidai yake da wanda ka ciro daga bango ba, domin ruwa na iya ɗauko shi daga tsohuwar shimfiɗa ya yar a kan sabuwa. Wannan ma sai an rubuta.

Bayan shekara guda na je Yamai ziyarar 'yan uwa, na shiga gidan tarihi na ƙasa mai sunan Boubou Hama, inda ake nuna ƙasusuwan da aka tono a hamadar Tenere. A can na ga Sarcosuchus, ƙaton kadan Gadufawa da ke kudu maso gabas da Agadas, wanda Faransawa biyu, France de Broin da Philippe Taquet, suka sa wa suna a 1966, ya kuma rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. Kansa kaɗai ya kusa tsayin mutum. A wannan yanki ne Paul Sereno na Jami'ar Chicago da tawagarsa suka tono Suchomimus, daino mai cin kifi, suka bayyana shi a 1998, shi ma haƙoransa zagayayyu ne kamar na kada, sai dai da 'yan tsaga ƙanana a gefe. Sauran daino masu cin nama nasu a matse yake kamar wuƙa, gefensa kamar zarto. Na tsaya gaban waɗannan na gane cewa duk dabbar da ke cafke kifi mai santsi haƙorinta kusan siffa ɗaya yake ɗauka, ko kada ce, ko damon teku, ko daino. Siffa tana gaya maka abin da dabba take ci, ba lallai ta gaya maka ko wace ce ba.

Yanzu kowace tsintuwa ledarta daban, da 'yar takarda a ciki: rana, wuri, zurfi, launin ƙasar, a bango ko a yashe. Kafin in taɓa abu sai na ɗauke shi hoto da waya a inda yake, da biro a gefensa don a gane girmansa, in kuma ajiye alamar wurin a taswirar wayar. Ƙashi babba da na ga ya shige cikin bango ba na jan sa, rufe shi nake yi in kira malamin. An taɓa taya mini kuɗi a kan wasu haƙoran shak masu kyau, na ƙi, domin na san mai saye zai jefar da takardar ya riƙe haƙorin.

Da na koma wa kawu da amsa, muna zaune a zaure bayan isha'i, na ce, "Kawu, na kada ne, kadan teku, tun kafin a yi mutane." Ya karɓa ya jujjuya shi a hasken fitila, ya ce, "Ikon Allah. Shi ya sa ƙasar ramin take da ɗanɗanon gishiri." Tun daga ranar, in ya sami wani abu sai ya auna zurfin da ƙotar digarsa, ya sa jikansa ya rubuta a takardar siminti kafin ya aiko mini. Gwangwanin madarar nan kuwa yana nan bisa kanta a ɗakina, haƙora arba'in da bakwai a ciki, da su nake koya wa ɗalibai siffofi, amma har yau akwai guda shida zagayayyu da babu mai iya ce mini na kada ne ko na dabbar Goronyo.